Bazarar da Muka Yi Ta Ɗaga Saniyar Sambo

Bana ruwa ya makara. Lokacin shuka ya yi tun tuni, sama fes, sai zafin da ke dafa mutum cikin rigarsa. Shekaranjiya da hantsi ina zaune ƙofar gida nan unguwar Kirkisoy, sai na ji hayaniya a gidan maƙwabcina. Na leƙa. Ashe saniyarsa ce ta kwanta ta kasa tashi, sun taru su huɗu suna jan ta ta ƙaho, ɗaya yana zuba mata bulala. Raina ya ɓaci. Na ce, “Ku saki kan dabbar nan. Wa ya gaya muku ana ta da saniya ta ƙaho? A nemo mini itace biyu masu ƙwari.” Suka yi mini irin kallon da ake yi wa tsoho in ya sa baki inda ba a kira shi ba, amma suka kawo. Na nuna musu inda ake sa itacen, ta tashi. Maigidan ya ce, “Baba Isuhu, ashe ka yi kiwo?” Na ce ban yi ba. Saniya guda na taɓa riƙewa a duniya, ita ma ba tawa ba ce.

Abin ya faru shekaru kaɗan bayan Nasara ya miƙa mulki. Lokacin babu gada. Mai son shiga Yamai daga Harobanda sai ya jira bak, wato jirgin fito, ko ya shiga kwalekwale. Harobandar ma ba gari ba ce, ƴan bukkoki ne warwatse cikin gonaki, na Zabarmawa da na Fulani, sai mu ƴan tsirarun Hausawa da muka zo daga gabas. Ni daga ƙasar Maraɗi na taso da niyyar samun aiki a birorin Filato, wato ofisoshin gwamnati. Wata uku ina zarya, duk inda na shiga sai a tambaye ni takardar lakwal, wato makarantar boko, ni kuwa ko ƙofar lakwal ban taɓa takawa ba. Da na gaji na haye ruwa, wani dattijo Bazabarme ya ara mini gona, na koma ga abin da ubana ya koya mini. Na aika aka kawo mini matata Rabi da ƴarmu Mariyama, tana goye.

Bayan gonata akwai rugar wani Bafulatani, Sambo. In an yi girbi shanunsa su kwana a gonata, su ci kara su bar mini taki. A haka muka saba. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Kaɗo. Da aka yaye Mariyama sai ta rame, kullum tana kuka. Wata safiya na ga Sambo ya shigo gida yana jan wata jar saniya mai fari a goshi. Ya ɗaure ta a gindin darbejiya ya ce, “Kaɗo, ga haɓɓanaye na kawo maka. Ka riƙe ta sai ta yi maka haihuwa uku. Nono naka, ƴaƴa naka. Uwar dai tawa ce, in ta gama ka maido mini.”

Na tsaya ina neman bakin godiya, ya katse ni. Ya ce sunanta Wule, kuma jikar saniyar da aka ba shi ranar sunansa ce, saboda haka in lura. A al’adarsu in irin wannan saniya ta mutu a hannunka ba a biya, ba wanda zai nemi komi daga gare ka. Wannan ne ya sa nauyin ya fi. Da biya ake yi, da sai mutum ya yi ta fama har ya biya ya huta. Nan kuwa abin da ke kanka guda ne, ka maido wa mutum dabbarsa tana tafiya da ƙafarta.

Shekarar farko lafiya lau. Wule ta haifi ɗan maraƙi, Mariyama ta sha nono har kumatu suka fito. Damina ta biyu ce ta yanke mana. Gero ya yi ciki, ya fara fid da kai, sai ruwa ya ɗauke. Muka yi ta duban gabas har idanu suka gaji. Abin da na ɗaure bai kai rabin rumbu ba, a ciki ma da yawa zangarniyar ba ta cika ba. Na zaɓi masu kyau na ɗaure dami guda na iri, na rataye shi cikin ɗaki, na ce da Rabi ko kallonsa kada a yi.

Ciyawa ma ba ta yi ba. Ana gama girbi Sambo ya haɗa garkensa zai yi kudu, ta Sayi, har ƙasar Dahome in ta kama. Na ce ko zai tafi da Wule? Ya ce, “Ba a kwance haɓɓanaye a tsakiya. Kana bakin kogi, kana da burgu. Ta fi ni samun wuri.” Ya shafa goshinta ya tafi.

Lokacin sanyi ba mu sha wuya ba. Kogi cike yake, burgu, ciyawar nan ta ruwa, ko’ina. Da asuba in shiga ruwa har ƙugu in yanko dami biyu, Rabi ta tatsi nono, ta yi daka, dusar ta Wule ce. Tuwo sau ɗaya, fura sau ɗaya, muna godiya. Mazan unguwa suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi cin rani ƙasar Gana, wasu suka haye Yamai suna ɗaukar kaya a kasuwa, wasu kuma suka shiga soja, don an ce ana ɗauka, kuma a bariki ba a kwana da yunwa.

Da sanyi ya wuce kogi ya fara ja da baya. Burgun da ake yanka a bakin gaɓa sai an yi tafiya, kuma kowa na yanka, mai saniya na yanka, mai sayarwa cikin gari na yanka, ana kuma yankar wa dawakin soji. Kafin bazara ta kai tsakiya ya ƙare ƙaf, sai laka. Zafi ya sauko. Da azahar ƙasa ba ta takuwa, tabarma in ka kwanta kanta kamar daga kan murhu aka ɗauko ta. Duwatsun tsakiyar kogi suka fito fili. Hatsi ya yi ƙasa a rumbu har sai na shiga da kaina nake taɓo shi. A irin wannan lokaci garin rogo ne ke ceton talaka, daga kudu ake kawo shi, to sai aka ce iyakarmu da Dahome ta yi tsami, motoci ba sa wucewa. Kowa da abin da yake faɗi. A bakin bak akwai mai tebur da ke da rediyo, mutane su taru su saurara, su watse kowa da nasa fassarar. Wasu su ce za a yi faɗa, wasu su ce manya za su sasanta. Ni dai abin da na sani, Sambo yana can wajen.

Ɗan maraƙin nawa ne, don haka shi na fara ba da shi aka ba ni hatsi. Nono ya ƙafe. Na koma hawan gawo ina kaɗo ƴaƴansa, ina sassaɓo ganye. Rabi ta koma dafa ganyen zogale da na yaɗiya, ta barbaɗa ɗan gari a kai a ce an ci abinci. Dusar da a da ake watsa wa kaji, a shekarar nan mutane tuƙa ta suke yi. Nan muka fara samun saɓani da Rabi. In ta tankaɗe, ni ina duban dusar don Wule, ita tana dubanta don tukunya. Daga baya ta ɗauki ƙoƙo ta riƙa raba ta biyu.

Akwai wani mahauci, Tanko, da ke kai nama bariki. Yana bin gida gida yana karɓar shanun da suka rame tun ba su faɗi ba, kuma kowa na ba shi, don ba wanda ke son ya wayi gari da mushe. Ya zo ya zagaya Wule, ya danna ƙugunta da babban yatsa.

“Isuhu, ka ba ni ita tun da sauran nama a jikinta, in ba ka hatsin da zai kai ka har shuka ta fito.”

“Ba tawa ba ce.”

“Mai ita yana ina? Ka san ko yana da rai?”

“In ba shi da rai yana da magada.”

Ya yi dariya ya ce in na shirya na san inda yake. Da ya fita Rabi ta ce, “Malam, ban ce ka ba shi ba. Amma ka dubi wuyan Mariyama.” Na duba. Wallahi a ranar na ji haushin Sambo, na ji haushin saniyar, na ji haushin kaina da ban taka ƙofar lakwal ba. Da la’asar na hau na zare ciyawar rufin madafa, tsohuwar ciyawa baƙa da hayaƙi, na jiƙa ta da ruwan kanwa na zuba mata. Ta ci.

Wata safiya na fito na tarar da ita kwance. Ta gan ni ta yunƙura, ta ɗaga baya, ƙafafun gaba suka ƙi, ta koma. Ta sake, ta koma. Na san saniyar da ta wuni kwance cikin wannan rana, ta kwana, ba ta sake tashi. Ni da Rabi muka gwada, ko motsi. Na fita neman maza. Duk unguwar daga tsofaffi sai mata. Na gangara bakin bak ko zan samu masu jiran fito.

Abin da na tarar soji ne. Kwana uku ke nan da aka ajiye su suna tsaron mashigin, su bakwai da babbansu, sun kafa rumfa a gindin wata tsamiya. A lokacin talaka ba ya tunkarar mai kaki da buƙata, mun saba tun zamanin Nasara in ka hango su ka sake hanya. Amma ido ya rufe mini. Na je na durƙusa na gai da babban, wani gajere kakkaura mai furfura a gemu. Sunansa Sarjan Gado, Ba’are ne daga Dogon Dutsi, ya yi sojan Faransa shekaru da yawa. Na gaya masa abin da ya kawo ni.

“Saniya za mu ɗaga maka? Ka ga mun yi kama da makiyaya?”

“Ranka ya daɗe, amana ce. Ta wani Bafulatani ce.”

Yana jin haka sai fuskarsa ta sake. Ashe Arawa da Fulani abokan wasa ne. Ya ce, “Ta bawana ce ashe. Ya gudu ya bar maka wahala, halinsu ke nan. To in ta mutu muna nan zai bi duniya yana cewa Arawa ragwaye ne.” Ya juya ya kira biyar cikin yaransa.

A wurinsu na koyi aikin. Duk ƴaƴan manoma ne, ɗayansu ma ubansa na da shanu can wajen Tawa. Shi ya ce a kawo itace biyu. Aka cusa ɗaya ƙarƙashin ƙirjinta bayan ƙafafun gaba, ɗaya gaban hantsa. Mutum huɗu suka kama bakin itacen, ɗaya ya kama gindin wutsiya, ni aka ce in riƙe kai kawai, kada in ja. Sarjan ya ƙirga da Faransanci, suka ɗaga gaba ɗaya. Ba a saki nan take. Ana riƙe ta a sama ana murza mata ƙafafu har jini ya sauka, sai an ji ta ɗauki nauyinta sannan a zare itace a hankali. Ta yi tangaɗi, ta tsaya. In ta tashi haka za ta wuni a tsaye, ta ci, ta sha, har ta taka zuwa inuwa. Amma in ta kwanta, gobe sai an sake.

Haka muka yi ta yi kusan wata guda. Ana sallar asuba, kafin bak na farko, sai ka ji takunsu. Sarjan ya mai da abin kamar atisaye, ya jera su, ya yi musu tsawa, ya ce wanda ya kasa ɗaga saniya ba zai ɗaga ɗan’uwansa ba in an harbe shi. Suna zuwa da ruwan da aka wanke shinkafarsu cikin bokiti, na Wule. Wani lokaci da ƙanzon tukunya a ƙulle cikin ganye, su miƙa wa Rabi su ce na Mariyama ne. Rabi ta ce da ni ba ta taɓa zaton za ta yi wa soja addu’a ba.

Da na saba da su sai na ga abin da ya tsorata ni. Su bakwai, bindiga uku. In za a canji tsaro sai wannan ya miƙa wa wancan. Harsasai suna cikin wani gwangwani, Sarjan ne ke riƙe da shi. Biyu cikinsu takalmin taya suke sawa irin nawa, an ce nasu na hanya. Kamyon, wato babbar motar da ke kawo musu abinci, in ya tsaya sai an tura. Wata rana bayan mun ta da Wule, Sarjan ya zauna kan turmi yana share gumi, na ce masa, “Sarjan, wannan magana ta iyaka, in ta tabbata fa?”

Ya dubi yaransa suna wanke hannu. Ya rage murya.

“Isuhu, ni na ga yaƙi, waɗannan ba su gani ba. Ka ga dogon can? Sau biyar ya taɓa harbi tun da ya sa kaki. Yunwa ce ta kawo su, ba son bindiga ba. Ka lura da su, sun fi duban sama da duban hanyar da aka ce su tsare. Ran da ruwa ya sauka, jikinsu na nan, hankalinsu na gonar ubansu.”

“To in an zo?”

“Sai mu tsaya, aikinmu ke nan. Ƙasar jaririya ce, mu ma jarirai ne. Kai dai ka yi addu’a kada a zo.”

Na yi addu’ar, amma in faɗi gaskiya ba don ƙasa kaɗai na yi ba. Tsorona kada a ɗauke mini masu ɗaga saniya.

Aka kuwa ɗauke su. Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, iska mai ɗumi na kaɗawa, kowa ya san ruwa ya kusa. Wata safiya suka zo da kayansu a baya. Sarjan ya ce an ba su oda su yi kudu, yau ɗin nan. Suka ta da ita kamar kullum. Yaron nan na Tawa ya daɗe yana murza mata ƙafa, ya ce mini, “Maigida, kwana goma take nema. In ta ga sabuwar ciyawa ta tsira. Ka dai kiyaye ta da ruwan farko, shi ke kashe ramammu.” Suka tura kamyonsu har ya tashi, suka hau.

Washegari na roƙi ma’aikatan bak biyu, da wani tsoho, da Rabi, muka ta da ita da ƙyar. Rana ta biyu ma haka. Ranar da la’asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta zo ta kwashe zana, sannan ruwa ya ɓarke, irin wanda aka yi wata takwas ana jira. Mata na guɗa, ƙamshin ƙasa ya cika ko’ina, Rabi ta jera tukwane da ƙore. Ni kuwa ina tsakar gida ina fama da tabarma, in rufa wa Wule iska ta yaye. Rufin da zan sa ta ƙarƙashinsa ta riga ta cinye shi. Ta jiƙe sharkaf, sanyi ya kama ta, tana rawar ɗari har haƙarƙarinta na motsi. Kafin magariba ta kwanta cikin caɓi.

Da gari ya waye na fita neman hannu. Ba kowa. Wanda bai yi noma ba ba zai gane ba. Ruwan shuka in ya sauka, ranar ce, in ka bari ƙasa ta sha iska ka yi hasara, kuma ba ka san ran da wani zai zo ba. A shekarar ba wanda ya yi binne, iri ya yi kaɗan da za a zuba shi cikin busasshiyar ƙasa. Don haka duk mai ƙafa ya fita. Tsofaffi, mata masu goyo, har ma’aikatan bak sun ɗaure jirgi sun tafi gonakinsu. Na bi gona uku. A ta ukun mai gonar ko ɗaga kai bai yi ba, yana sara yana tafiya, ya ce, “Isuhu, ka bari sai la’asar.” Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Rumfar soji na nan gindin tsamiya, iska ta karya ta.

Na komo na tarar Rabi ta sauke damin iri ta sussuke, ta ajiye sungumi a bakin ƙofa. Shuka aikin mutum biyu ne, ɗaya na sara, ɗaya na zuba iri yana rufewa da diddige. Ba ta ce mu tafi ba. Ta ɗauki bakin itace, na ɗauki ɗaya. Muka ɗaga gaba, baya ya ƙi. Muka koma baya, gaba ya zube. Muka yi ta yi har hantsi ya ɗaga, Rabi ta zame ta faɗi cikin laka, ta tashi ta sake kamawa. Can Wule ta daina taimakonmu. Ta miƙe wuya ta ɗora kai a ƙasa, numfashi na fita da ƙara.

Rabi ta shiga ɗaki ta fito da wuƙa. Ta miƙo mini ta ƙota.

“Malam, ba za ta kai la’asar ba.”

“Ba tawa ba ce, Rabi.”

“Na sani. In ka bari ta mutu mushe, me za ka ce da shi? Ka ce ka tsaya kana kallo?”

Na karɓa. Na juya kanta gabas, na yi bisimilla. Jinin ma kaɗan ne. Na daɗe durƙushe a wurin, hawaye na zuba, ban ɓoye wa Rabi ba. Sannan na yi abin da na ga Fulani na yi in dabbar wani ta mutu a hannunsu, na yanke kunnen da ke da tsagar gidan Sambo, na sa masa gishiri na rataye, don mai ita ya gani da idonsa.

Muka feɗe ta cikin sauri, muka rataye naman a inuwa, muka tafi gona da rana tsaka. Rabin gonar muka samu shukawa kafin ƙasa ta bushe. Da yamma mutum uku suka zo da itace a kafaɗa, sun cika alkawari, suka tarar da fata a shanye. Na raba musu nama, na aika wa sauran gidaje. Ba kitse ko kaɗan, sai jijiya. Rabi ta dafa, ta yanyana saura ta shanya. Na yi niyyar ba zan ci ba. Na ci, kuma ya yi mini daɗi, wannan ne abin da ya fi damuna. Kwana tara bayan haka ciyawa ta rufe bakin kogi, kore shar, har gindin darbejiyar da take ɗaure.

Faɗan da ake tsoro Allah bai kawo shi ba, aka ce manya sun zauna. Sojin nan ban sake ganinsu ba, sai Sarjan Gado sau ɗaya, yana cikin bak ni ina gaɓa. Ya ɗaga murya ya ce, “Ina saniyar bawana?” Na girgiza kai. Ya buɗe baki zai yi wasan da ya saba, sai ya fasa, ya juya yana duban ruwa.

Ana cikin noman farko Sambo ya komo. Ina gona Rabi ta aiko a kira ni. Tun daga nesa na hango shi tsaye a tsakar gida, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa, sanda a kafaɗa. Ba ni yake kallo ba, gindin darbejiya yake kallo. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, kowa na jan ta. Rabi ta kawo ruwa ya sha. Na shiga ɗaki na ɗauko kunnen na ajiye a gabansa.

Ya ɗauka ya juya shi, ya bi tsagar da yatsa.

“Mutuwa ta yi ko yankawa aka yi?”

“Yankawa.”

“Wa ya yanka?”

“Ni.”

“Kun ci?”

Na sunkuyar da kai na ce mun ci.

“Mariyama ta ci?”

“Ta ci.”

Ya ce, “To, alhamdu lillahi.” Sannan ya ce, “Sauran shanuna angulu ne suka ci, Kaɗo. An hana mu wucewa, muka tsaya inda ba ciyawa. Suna faɗuwa ni kaɗai, ba mai kama mini. Ko guda ban samu wanda zai ci ba. Duk hanya ina cewa ai akwai Wule.”

Sai a lokacin na dubi bayan gida, inda garkensa ya saba tsayawa in ya zo. Ba komi. Na fara ba shi labarin burgu da rufin madafa da soji, ya ɗaga hannu ya ce Rabi ta riga ta gaya masa. Ya sa kunnen cikin aljihu. Ya daɗe yana duban hauyar da ke hannuna.

“Kana da wata?”

Na shiga na ɗauko masa ta Rabi. Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa sunkuya wa gona ba, ya jingine sandarsa a jikin darbejiya ya biyo ni. Da muka isa bakin kunya sai da na nuna masa yadda ake riƙe ta.